Bencin Ɗan Gwaggo, Mai Rawa Ba Kiɗa

Ɗan Gwaggo, ga gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa bawansa, 'yar kaɗan, kada kai ya kumbura. Labarinka ya riga hotonka isowa, don a Gurbin Bore ba a ɓoye ƙarar guduma. An ce ka share rabin zauren gidanku ka ce daga yau nan ne wurin aiki. An ce ka sayo zarto da guduma da tef ɗin awo, ka soke fensir a bayan kunne, har masallacin Juma'a ka tafi da shi sai da wani dattijo ya taɓa ka. An kuma ce abin da ka fara haɗawa shi ne bencin da za ka riƙa aiki a kai. Nan kam ka yi tunani, ko da yake ban san wanda ya ara maka shi ba. Duk kafintan kirki da benci yake farawa, domin in babu inda katako zai kwanta ya natsu, babu abin da zai fito daidai.

Sai dai abin da na tarar a zauren nan, ɗan Gwaggo, ba shi ne ake nufi ba.

Ina dafa shi ya rusuna ya gaishe ni. Na ɗauke hannu ya koma ya gaida bango. Ƙafafunsa huɗu na tu-bai-tu, sirara, suna karkarwa kamar na ɗan akuyan da aka haifa da asuba, ɗaya ma ba ta kai ƙasa ba sai da ka ninke kwalin taliya ka cusa mata. Samansa filawud ne mai kaurin rabin inci, ka shafe shi da banish har mutum na ganin haƙoransa a ciki. Da yaro ya kawo mini shayi na miƙa hannu zan ajiye kofin, sai ka yi wuf ka tare ni, wai kada ya yi tabo. Jama'a ku ji mini! Wurin da za a yi shekara da shekaru ana dukansa da guduma, ana yanka a kansa, gam na zuba, shi ne ake tsoron kofin shayi ya ɓata. Gwaggo da ke tsaye bakin ƙofa ba ta ce komai ba sai, "Wanga tebur dai ya yi kyau da shanyar kuɓewa." Ka ɗauka yabo ne har ka yi godiya.

Bari in gaya maka aikin benci, tunda wanda ka koya a wurinsa yana cikin waya, ba ya jin tambaya. Benci riƙo ne aikinsa. Hannuwanka biyu suna kan zarto ko filen, saboda haka dole a sami wanda zai danne katako ya hana shi motsi. In ka tura filen a kan falanki, ƙarfin kafaɗarka duka yana bi ta cikin katakon ya sauka a bencin. Benci mai nauyi sai ya shanye, filen ya ci katako, ɓawon ya fito a nannaɗe. Marar nauyi kuwa sai ya bi ka. Na ga shaida a daɓen zaurenku: sawun ƙafafun bencinka ya ja layi tun daga tsakiyar ɗaki har jikin bango. Kai kana goge katako, shi yana neman hanyar Zurmi.

Mutanen da kake kallo a YouTube ba ƙarya suke maka ba, halinsu ne ba naka ba. Da yawansu injina ke yi musu yanka da guga, benci wurin ajiya ne kawai da harhaɗawa. Kai kuwa wutar lantarki sai an ga dama, man janareta kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya fi ƙarfin mai koyo. Da hannu za ka yi komai, mai aiki da hannu kuma bencinsa sai ya fi na mai inji nauyi nesa ba kusa ba. Sa'an nan ka kwafo tsayin bencin wani zanƙalelen Bature, inci da inci, ka manta kai gajartar gidanku ka gado. Da ka tsaya a gabansa sai na ga kai da kafaɗu kawai. Ƙa'idar ba ta da wuya: ka miƙe tsaye, ka saki hannuwanka, inda wuyan hannunka ya tsaya nan saman benci zai kai. Ga matsakaicin mutum abin yakan faɗa wajen inci 33 zuwa 35. Ga irinka sai a rage. Dalili shi ne mai guga da filen da nauyin jikinsa yake dannawa, ba da damtse ba, in benci ya yi tsawo kuwa kafin azahar kafaɗa ta mutu.

Ka yi ta ambatar mini sunan Roubo, kana murɗa baki, wai irin bencinsa ka yi. Na san shi, ɗan Gwaggo. André Jacob Roubo, kafintan birnin Paris ne, littafinsa kan aikin katako ya fara fitowa a 1769, kuma zanen bencin da ke ciki har yau ana kwaikwayonsa a duniya. Amma saman bencin nasa gungume ne guda, kaurinsa inci 5 zuwa 6, ƙafafunsa kuma turaku ne da aka fafe saman aka zura su ciki. Ƙarti huɗu sai sun yi nishi kafin su ɗaga shi. Naka kuwa na ga autar gidan ta ja shi da hannu ɗaya za ta yi shara. In da a yi maka adalci, wanda ya dace da aljihunka shi ne na wani mutumin Birtaniya, Peter Nicholson, wanda ya zana nasa a littafinsa na 1812: falankai marasa kauri sosai, amma an ɗaura wa kowane gefe faffaɗan katako daga ƙafa zuwa ƙafa, shi ke hana shi tangaɗi. Benci ne na wanda ba shi da gungume, yana da dabara. Na farkon ka rasa, na biyun kuma muna nan muna maka addu'a.

Abin da ya fi ba ni haushi, ka tsallake Kaka ka tafi Faransa. Ka manta yadda tsohon nan yake zama gindin bishiya da gizagonsa? Shi bai taɓa mallakar benci ba, kuma turmin da ya fafe na ƙirya har gobe ana daka a cikinsa a gidanmu. Ƙasa ce bencinsa, tafin ƙafarsa ne abin matsewa. Zai tokare icen da dugadugansa, ya juya shi da yatsun ƙafa, gizago na sauka tsakanin ƙafafunsa ba ya kuskure. Allon aduwa, ƙotar marke, akushi, kujera 'yar tsugunno irin wadda ake jibgewa a kasuwar Shinkafi ran Alhamis, duk a zaune suka fito. Kada ka ce wannan ƙauyanci ne. Kafintocin Japan, waɗanda ake misali da su wajen haɗa katako ba ƙusa, a ƙasa suke zama su danne aiki da ƙafa, zartonsu ma a jawowa yake ci, ba a turawa ba. Rumawan da kuwa bencinsu iya gwiwa yake, a kansa suke zama su danne katako da jikinsu. An samu zanensa a bangon wani gida a Herculaneum, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, an kuma tono irinsa daga rijiya a sansanin Saalburg da ke Jamus. Kai da nauyin tuwon da kake ci, da ka zauna a kan falanki ko giwa ba ta motsa shi.

Gaskiya ne sassaƙa daban, aikin kafinta daban. Aikin zarto da ƙusa da falanki baƙo ne a ƙasarmu, ya yaɗu ne zamanin Turawa tare da ofisoshi da makarantu da layin dogon da ya iso Ƙauran Namoda a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga. Amma ya daɗe da zama ɗan gari, ya kuma haifi bencinsa. Ka je bakin kasuwa ka tsaya wurin kafintan da ke yi wa amare gado da kabad. Dubi bencinsa da kyau. Baƙi ne ƙirin, duk sara da ramin ƙusa da busasshen gam, ba wanda zai ɗauke shi hoto. Falankai biyu ne ko uku masu kauri a kan ƙafafu jibga-jibga, an gicciya musu katako ta baya. A ƙarshensa an kafa wani ɗan guntun katako mai baki a tsage, nan yake cusa kan falanki ya tokare, in zai goge gefe ya buga weji ya matse. Shi ke nan. Babu ƙarfen matsi na dubban nairori irin wanda ka ce za ka aika a sayo maka daga Kano. Da ka kai wa mutumin nan goro ka zauna kana miƙa masa ƙusa na ɗan lokaci, da ka huta da sayen data. Amma ina, girman kai irin na 'ya'yan mace ba zai bari ba.

Yanzu mu zo kan babban laifin, wanda banish ba ya rufewa. Yaushe ka sayi katakon? Da bakinka ka ce a Agusta, tsakiyar marka, aka sauke shi daga mota aka ɗora maka a Ƙaura, washegari ka hau bugu. Ka ce ma ka ji daɗinsa don ƙusa na shiga ba gardama. Ai dole ta shiga, ɗanye ne sharaf! Katakon da ake sayarwa a rumfunan Gusau da Ƙaura yawancinsa daga dazukan kudu yake zuwa, inda iska ba ta rabuwa da laima, sau da yawa kuma ba a jira ya bushe ake lodinsa. Ya iso nan cikin damina, lokacin da laimar iska ke haura 70 cikin 100, bai ga dalilin sakin ruwansa ba. Sai hunturu ya kama, laima ta faɗi ƙasa da 20 cikin 100, iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya ta shiga zauren. Katako kuwa ba a tsawo yake tsukewa ba, a faɗi ne. Falanki mai faɗin inci 12 yana iya rasa rabin inci ko fiye tsakanin ɗanyantaka da bushewa, tsawonsa kuma yana nan kusan yadda yake. To kai ka ɗauki wanda zai tsuke ka kafe shi da ƙusa a jikin wanda ba zai tsuke ba. Ɗayan biyu ne: ko ya tsage, ko ya kantare ya ɗaga ƙusar. Naka, don son ka da Allah yake yi, ya haɗa duka biyun. Ƙafar nan da ka yi wa ciko da kwali ba gajeriya aka yanke ta ba, firam ɗin ne ya murɗe ya ɗaga ta sama. Kana ta zagin tef ɗin awo a banza.

Za ka ce ai Kaka ma ɗanyen ice yake sassaƙawa. Haka ne, don ɗanye ya fi laushi a bakin gizago. Amma turmi ice ɗaya ne, ba a haɗa shi da kowa ba, in zai tsuke gaba ɗayansa zai tsuke, kuma tsohon yakan ajiye shi a inuwa ya sha iska a hankali don kada ya tsage. Kafinta kuwa aure yake ɗaurawa tsakanin katako da katako, in bai bari kowanne ya gama halinsa ba kafin a shafa fatiha, rabuwa na nan tafe. Da ka jera falankan a inuwa, ka ɗaga su daga ƙasa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, ka danne saman da bulo, ka shafa wa bakunansu tsohon fenti don kada su tsage daga ƙarshe, ka bar su su ga hunturu guda, da yanzu wani zancen ake yi. Turawa na cewa shekara guda ga kowane inci na kauri. Mu nan rani ya rage mana wannan jira sosai. Haƙurin watanni kaɗan ne, shi ne ba ka da shi.

Kuma wane katako? Obeche ka saya don ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka a babur. Obeche na da amfaninsa, amma ba a benci ba: ba nauyi, farce ma na shiga jikinsa, ƙwari kuma suna son sa. Na san abin da za ka ce, kuma a nan ba zan yi maka dariya ba. Da can mutumin Gurbin Bore in yana son maɗaci ko ƙirya ko kanya, gatari zai saɓa ya shiga daji. Yau wa zai tunkari Dumburum ko Rugu saboda ice? Ba mu manta 2021 ba, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana safarar itace a mota, Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure, aka kuma katse layukan waya a farkon Satumba. Masassaƙa da yawa sun rataye gizago ba don tsufa ba. Maɗobiya kuwa, wadda 'yan Sin suka yi ta kwasa daga Taraba da maƙwabtanta, tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da aka sa wa cinikinsu takunkumi a duniya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ko a haka ba a rasa ba. Dogon yaro na nan a kowace unguwa, tun da aka shigo da shi Borno a 1928 ya cika Arewa, kuma dangin maɗaci ne, katakonsa na da nauyi, gara ba ta cika son sa ba. In wani ya sare nasa za a yi gini, ka saya a tsaga maka. Ko ka nemi tsofaffin katakan rufi daga gidan da ake sauya wa kwano. Sun sha rani sun ƙoshi, babu sauran motsi a jikinsu, ƙusoshi kawai za ka zare kafin su cinye maka haƙoran zarto.

Tunda Gwaggo ta roƙe ni, ga yadda za ka sake shi, kuma ba kyauta ba ne. Tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 2, kada ka wuce haka, don hannunka ya riƙa kaiwa ɗaya gefen. Ƙafafu fo-bai-fo, in babu ka manna tu-bai-fo biyu da gam ka ɗaure. Sama kada ya gaza inci 2. Gaba da baya ka ɗaura wan-bai-tuwal a tsaye, ka ɗan fafe ƙafar ya zauna a ciki, kada ka bar wa ƙusa ita kaɗai ɗaukar nauyi, balle ƙusar da aka buga a kan bakin katako, wadda ko yaro zai zare. Abu mai kusurwa huɗu kullum neman karkacewa yake, mai kusurwa uku ne ba ya yarda, shi ya sa kafintan kasuwa ke gicciya katako ta baya. Kai ma yi haka. Kafin ka ƙulle firam, auna daga wannan kusurwa zuwa waccan ta gicciye, ka sake auna ɗaya gicciyen, in ba su zo ɗaya ba to a karkace yake, ko da idonka ya rantse. Manyan mahaɗai kuma ka ɗaure su da noti, ba ƙusa ba, domin duk hunturu katako zai ɗan saki, sai ka ɗauki sifana ka ƙara matsewa. Wannan ba za ka ji shi a bakin mutumin cikin waya ba, shi ɗakin aikinsa bai san hunturu ba.

Ƙasan ƙafafun ka jiƙa su da baƙin mai, ka ɗora su a kan siminti ko faffaɗan dutse, don garar zaurenku na san ta, ta cinye akwatin littattafanka na sakandare, ko da yake ba ta sami wani abin kirki a ciki ba. In har yanzu nauyi bai isa ba, yi masa kanta a ƙasa ka ɗora buhun yashi. Banish kuwa ka kai wa uwargida ta shafa wa kabad. Saman benci ba a son santsi, so ake ya ɗan riƙe katako. Ka goge shi da filen har ya kwanta, ka ɗora sanduna biyu miƙaƙƙu, ɗaya a kowane ƙarshe, ka durƙusa ka hango su da ido ɗaya. In sun yi layi ɗaya babu murɗa.

Maganar ƙarfen matsi kuma, riƙe kuɗinka. Je ka wurin maƙeri da guntun rodi mai kauri, ka ce ya lanƙwasa maka kansa ya fiɗe bakin ya yi faɗi. Ka huda saman bencin rami wanda ya ɗan fi rodin faɗi kaɗan. Ka zura shi, bakin ya hau kan katakon da kake aiki, ka ba shi guduma ɗaya a ka: ya cije ke nan, sai ka buge shi ta baya zai saki. Wannan ƙarfen yana cikin zanen Roubo da kake taƙama da shi, yana cikin na Rumawa, maƙerin garinku kuma zai yi maka shi kafin ka gama cin ƙosai. Sai dai ba ya kamawa a filawud na rabin inci, sai sama mai kauri. Ka ga ke nan ko ta ina aka biyo, teburin kuɓewar Gwaggo ba shi da mafita.

Wani abu guda da za ka tambaya, na san ka: a kan me za ka haɗa sabon bencin, tunda ba ka da benci? A ƙasa, ɗan Gwaggo, a kan tabarma, da ƙafarka a kan katako, yadda Kaka ya yi. Ka dai cire agogo da doguwar riga, ka kuma tuna yatsun ƙafa goma Allah ya ba ka, muna son a ƙirga su cif bayan an gama.

In ya tsaya da ƙafafunsa ba kwali, ina da aiki: bencin zama na ƙofar gida, mai ɗaukar mutum biyar, don majalisarmu ta bayan la'asar. Kuɗin aiki za mu cire daga kuɗin sharar da muke ja a kai duk watan Cika-ciki. Ranar da za a kawo shi kuma kai za ka fara zama, a tsakiya, tare da mahautan unguwarmu biyu, ni ina tsaye daga nesa da mai ɗori a kusa da ni.